Shekarar da Hoto Ya Tsere wa Murya

Yanzu na iso shekarar da kuka fi yi mini shaci-faɗi a kanta, ku 'ya'yana, kuma tunda Allah Ya bar ni da numfashi har yau, gara ku ji daga bakina. Na ji Fuseini yana gaya wa matarsa wai mamanku ce ta tilasta mini na rabu da babbar kyamarata don kafaɗata ta gaji. Na ji Samira kuma tana cewa a'a, kunya ce ta kore ni daga ɗaukar biki. Dukanku kun faɗi. Kafaɗata lafiyarta ƙalau a lokacin, da ita nake saɓa buhun gawayi daga bakin titi har tsakar gida. Mamanku kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta tilasta mini abubuwa da yawa a duniyar nan, amma ban da wannan. Saboda auren Rahinatu na rabu da kyamarar, kuma ko yau aka mayar da ni wurin, haka zan sake yi.

Kun san Rahinatu, amma ƙananan cikinku ba su san yadda take a wurinmu ba. 'Yar Awudu ce, abokina tun muna buga ƙwallon tsumma a bakin babbar kwata ta Maamobi. Da ya tafi Italiya neman abinci, a ɗakin da ke kallon namu ya bar matarsa Zenabu da jaririya. A bayan mamanku yarinyar ta yi wayo, a gindin tukunyar kokonta ta koyi ƙirga ƙosai. Ban taɓa jin ta kira ni da wani suna ba sai Baba. Uban nata kuwa takardunsa ba su daidaita ba, in ya fito ba zai iya komawa ba, don haka a waya ya san girmanta.

Ku da kuka tashi kuka tarar kowa da kyamara a aljihu ba za ku gane abin da nake a unguwar nan ba. Daga Nima zuwa Maamobi har Kotobabi a nan Accra, in ana suna ko aure ko tarbar alhazai ba a gan ni, Iddi, da abata a kafaɗa ba, to taron da saura. Hoto dai kyamara ke ɗauka, amma murya ban taɓa yarda da kunnenta ba, don a titinmu motocin haya, trotro, na ta hon, mai ruwan leda na kira, yara na ihu. Sai in ja waya daga lasifikar taro zuwa wata 'yar rikoda, in na koma shago in haɗa su. To ta yaya za ka san inda za ka ɗora murya a kan hoto? Maigidan da ya koya mini aiki ya ba ni dabara: ka tsaya gaban kyamara ka yi tafi ɗaya mai ƙarfi a farkon taro, ka sake ɗaya a ƙarshe. Inda hannuwa suka haɗu a hoto, nan ƙarar take a murya, sai ka jera su. Abin da ya sa aka laƙaba mini Baba Tafi ke nan, har yara kan biyo ni a lungu suna tafa mini. Ban taɓa jin haushi ba, sunan da ya ciyar da ku ne.

Da aka tsayar da auren Rahinatu da Nuhu, wani yaro mai natsuwa da ke gyaran firji a Kotobabi, Awudu ya bugo waya gaban liman ya wakilta yayansa, Alhaji Seidu, ya ba da ita. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ya kuma maimaita shi har ya gundure mu: kada Mumuni ya sa baki. Mumuni ƙanin Zenabu ne, kawun amarya. Tun ranar da Awudu zai tafi, Mumuni ya ce masa a gaban mutane wanda ya bar 'yarsa a zanin goyo ba shi da ta cewa ranar aurenta. Maganar nan ta zauna wa Awudu a wuya shekara da shekaru, ko ruwa ya sha sai ya ji ta.

Ranar ɗaurin aure aka kafa rumfa a titi gaban masallacin unguwa, aka jera kujerun roba. Na kafa komai, na fito tsakiya na ware hannuwa zan yi nawa, sai liman ya ɗaga mini sanda. Sabon liman ne a lokacin, ba ya wasa.

"Malam Iddi, nan ba gidan rawa ba ne. Tafi na mata ne."

Aka yi dariya, na haɗiye, na koma bayan kyamara. An buɗe da addu'a, an yi huɗuba mai tsawo, sannan Alhaji Seidu ya karɓi makirufo ya ba da auren 'yar ƙaninsa, wakilin ango ya karɓa. Bayan an gama wannan duka ne aka miƙa wa Mumuni makirufo ya yi godiya a madadin dangin uwa, kamar yadda aka saba, ni kuma na juya kyamara kansa. Aka rufe da Fatiha, aka yi wawar goro. Da na koma shago, da yake babu tafi, da kallon leɓe na jera murya da hoto. Na sha wuya, amma faifan ya fito tsaf. Na kai wa Zenabu da hannuna, amarya kuma tuni ta tare a ɗakin mijinta.

Zenabu ba ta yi laifi ba, kada in ji wani ya zarge ta. Mace ce da ke son mijinta ya ga auren 'yarsa da wuri. Faifai ba ya shiga waya, sai ta kai shi wani kiyos inda ake zuba wa mutane waƙoƙi, aka juya mata shi, aka matse shi ya zama ɗan ƙarami yadda zai bi iska ya je Italiya. Ta kalli farkonsa ta ga lafiya lau, ta tura.

Washegari da hantsi ina shan koko a ƙofar ɗaki sai ga ta ba mayafi, waya a hannu, muryar Awudu na fita kamar zai fasa ta.

"Ba shi! Ba Iddi wayar! Iddi, kai ma da kai aka ci mini mutunci? Na ce kada Mumuni, sai ga Mumuni ya riƙe makirufo yana ba da 'yata, kai kuma ka tsaya kana ɗauka!"

"Awudu, ka yi salati. Yayanka ne ya ba da ita, ina tsaye."

"Rufe mini baki! Gani ya kori ji. Ga shi a hannuna, na kalla har idona ya yi ja."

Na karɓi wayar Zenabu na kalla. A farko baki da murya tare suke. Ana cikin huɗuba sai hoto ya fara ɗan gaba, kamar yaro mai sauri da kakarsa a hanyar kasuwa. Kafin a zo wurin bayarwa ya yi mata nisa. Ana jin "na ba da auren Rahinatu 'yar Awudu", wanda ke cike da fuskar waya kuwa Mumuni ne, makirufo a baki, yana ta gyaɗa kai. Muryar ma matsewar ta lalata ta, kowa kamar daga cikin gwangwani yake magana, ga shi Alhaji Seidu haƙoransa sun zube bayan tafiyar ƙaninsa, maganarsa ta canza. Wallahi da ban kasance a wurin ba, ni ma da na rantse Mumuni ne.

Babu wanda bai kira Awudu ba. Liman ya ce masa aure ya ɗauru, shaidu sun fi a ƙirga. Awudu ya ce duk bakinmu ɗaya, mun ga ba ya nan ne muka rufe shi. Sannan ya faɗi maganar da ta fi kowace muni: in Rahinatu ta sake kwana a ɗakin nan, bai yafe mata ba duniya da lahira. Yarinyar da ta girma tana jiran ranar da ubanta zai sa mata albarka, yaya za ta yi? Da yamma sai ga ta da 'yar jakarta, ta wuce ɗakin uwarta, ta shigo namu ta kifa kai a cinyar mamanku.

"Baba, in ba aure ba ne, kwanakin da na yi a can mene ne sunansu?"

Fita na yi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da wuta ta ci shagona na farko.

Unguwarmu ta Zongo kuwa kun san ta, ba a ɓoye mata tari. Wasu suka ce Mumuni ya ba ni goro na juya bidiyon. Wannan bai dame ni ba sosai, bakin mutane ba ya kashe kowa. Abin da ya dame ni uwar ango, wadda ta aiko cewa ɗanta ba zai zauna da igiyar aure a wuya babu mata ba, in azumi ya kama ba a daidaita ba, kowa ya kama gabansa. Alhaji Seidu kuma ya yi fushi irin na manya, wanda ba a ɗaga murya. Ya ce yaron da ya goya a bayansa ya kira shi maƙaryaci, to shi ya gama magana. Ko sunan Awudu aka ambata sai ya tashi ya ɗauki butarsa.

Na ce to, ai abin mai sauƙi ne, ni zan matse faifan da kaina in tura mai kyau. Ashe ban san komai ba. Tsohuwar kwamfutata ta shago haɗa hoto da murya ta iya, sai gasa faifai, shi ke nan. In na ce ta matse, sai ta yi ta gurnani rabin yini, ta haifo mini abin da ya fi na kiyos muni, wani lokacin ma murya ce ke gaba. Gemu ya fara fari, ga ni zaune gaban akwati kamar ɗan aji ɗaya.

Wani abokin sana'a ya kwatanta mini wata mata a Adabraka, Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga ce, ita ke haɗa wa coci-coci bidiyonsu tana kuma sayar da kwamfutoci na hannu. Na hau trotro da wayar Zenabu da faifaina. Muka gauraya Turanci da Twi da ɗan Ga ɗin da na tsinta a kasuwa, muka fahimci juna. Ta kalla, ta yi dariya har da dafa tebur, da na gaya mata abin da ya jawo kuma ta daina.

"Ei, Baba Iddi, ciwon nan iri biyu ne. Akwai wanda murya ta makara tun daga farko, kuma tazarar ba ta ƙaruwa har ƙarshe. Wannan ja kawai za ka yi ka daidaita. Naka kuwa mugun ne, mai girma a hankali."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Bidiyo hotuna ne a jere, kyamarata tana ɗaukar ashirin da biyar kowace daƙiƙa. Wanda ya matse bai gaya wa na'urarsa ta riƙe wannan adadin ba, sai ita kuma don ta rage nauyi ta riƙa zubar da hotuna nan da can, murya kuwa ba ta taɓa tsawonta ba. Zanen hoto ya gajarce, na murya yana nan yadda yake, ka ga kuwa bakinsu ba zai haɗu ba. Maganinsa, ka koma kan na asali, ka kulle adadin hotuna kada ya motsa, ka rage girman hoto maimakon yawansa, ka bar wa murya isasshen wuri don a gane mai ita. In ka gama kuma kada ka yarda da farko kawai, ka duba ƙarshe.

Na ce ta yi mini. Ta ce za ta iya, amma layin coci ke gabanta har bayan bikinsu na Ista, kuma wanda bai san Hausa ba yaya zai tabbatar leɓe da kalma sun haɗu? Ta nuna mini wata kwamfuta ta ɗauka-da-hannu mai ƙarfi, ta ce da wannan da kaina zan yi, ita za ta nuna mini hanya. Ba ni da abin sayenta, ko kusa. Sai ta ce ai ta daɗe tana neman babbar kyamara ta kafaɗa irin tawa, ta san ina da ita, an gaya mata yadda nake kula da ita.

Na dawo gida ban ce wa kowa komai ba. Na sauko da kyamarar na goge ta, ko da yake ba ta da datti. Mamanku tana tsinke barkono tana kallona ta gefen ido, don ba a yi ranar da zan ɓoye mata abu ba.

"Baban Fuseini, wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta ajiye tiren.

"Lokacin biki ne fa, kowa na son ya yi kafin azumi. Da me za ka ɗauka?"

"Ba zan ɗauka ba."

"To da me za mu ci?"

"Da kokonki, Hajiya, in kin yarda."

Ta harare ni, ta ce ita ba ta je Makka ba tukuna, in daina yi mata daɗin baki. Ta leƙa ɗaki inda Rahinatu ke kwance ta juya wa ƙofa baya. Sannan ta ce, "In za ka kai, ka kai tun ban canza ra'ayi ba. Kuma ka cire mini zanina da kake naɗe ta da shi." Kun ji iyakar tilastawar da mamanku ta yi.

Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. A trotro na rungume ta a cinya kamar mai kai yaro asibiti. Na bar wa Anti Dede ita, na dawo da kwamfutar a madadinta. Bikin da aka riga aka kama ni duka na mayar wa mutane, samari masu ƙananan kyamarori suka karɓe, kuma ba su sake saki ba. Daga shekarar nan ban ƙara tsayawa tsakiyar taro ba. Amma ku lura da ikon Allah: aikin da na shiga da hawaye shi ya riƙe ni har tsufa. Duk wanda ke da tsohon kaset na auren uwarsa, ko wa'azin malaminsa da ya rasu, ko bidiyon suna da za a tura wa ɗa a Jamus, wurina yake kawowa, don an san na Baba Tafi baki ba ya rigan murya. Ina zaune a inuwa, fanka na kaɗa ni, mutanen da suka daɗe a kabari suna dariya a gabana. Ni dai alhamdu lillahi, ban yi asara ba.

To, na koma kan aikin. Shekarar ɗauke wuta ce, wadda muke ce wa dumso, sai ka kai rabin matsewa a ɗauke, ka koma farko. In na maƙale in kira Anti Dede, ta yi mini faɗa kamar ɗanta, in ce na gode. A hankali na fara fitar da wanda ya yi kama da daidai. Amma kama da daidai ba daidai ba ne, kuma hoto in ya ƙanƙance leɓe ba ya ganuwa sosai, balle na tsofaffi masu magana a cikin gemu. Ina bukatar alama a farko da ƙarshe, ga shi liman ya hana ni tafi. Na yi ta neman abin da zai tsaya a madadinsa: ko wani ya yi atishawa, ko kujera ta faɗi. Babu.

Ran nan bayan azahar ina ta kai gaba ina dawowa baya, sai na tsaya kan addu'ar rufewa. Liman ya kai ƙarshen Fatiha, jama'a suka ce amin, hannuwa suka hau fuska gaba ɗaya, tun daga sahun gaba har masu tsaye a bakin kwata. Na ce kai! Ga tafina nan, liman da kansa ya yi mini, har sau biyu, na buɗewa da na rufewa. Na jera amin da shafawa a farko, na duba ta ƙarshe, suka faɗa tare kamar an auna. Na duba wurin bayarwa: ga Alhaji Seidu, ga makirufo, ga maganarsa a bakinsa. Na kira mamanku da Zenabu da Rahinatu suka gani, Zenabu har da guɗa. Muka tura.

Amsar ba ta daɗe ba. Saƙon murya ya aiko, a sanyaye, wanda ya fi ihun zafi.

"Iddi, na san aikinka ne. Wanda ya iya cire Mumuni ya sa Yaya, me zai gagare shi? Na farkon shi ne gaskiya, don ba ka taɓa shi ba."

Kyamara ta tafi, biki ya tafi, azumi ya ƙarato, ga abin da na samu. Na zauna ina jin haushin Awudu kamar in je Italiya a ƙasa in mare shi. Cikin haushin ne maganarsa ta dawo mini: na farkon ban taɓa shi ba. To ai shi ke nan! Ba nawa zan nuna masa ba, nasa zan nuna masa. Na buɗe na kiyos ɗin na je addu'ar rufewa, na ga abin da na zata.

Ranar Lahadi Awudu ba ya zuwa gonar da yake ƙwadago a can, don haka na shirya ranar. Na je da kaina na durƙusa wa Alhaji Seidu, na ce ba don Awudu ba, don yarinyar. Ya zo ya zauna a kujerar tsakar gida, ya juya fuska gefe. Na kira Awudu ta bidiyo a wayar Zenabu, na ce ya aro wayar abokin ɗakinsa ya buɗe bidiyon a ciki, nasa na farko, wanda ya yarda da shi.

"Na kalle shi ya fi sau nawa, me kuma zan gani?"

"Ba Mumuni za ka kalla ba. Wuce shi, je ka wurin addu'ar ƙarshe. Kada ka kalli bakin kowa, hannuwa za ka kalla."

Muna jin muryar liman tana fitowa daga can, siririya. Bai kai ko tsakiyar Fatiha ba.

"Me jama'a suke yi yanzu?"

Can ya ce, "Sun shafa."

"Liman ya gama?"

"Bai gama ba."

"Ci gaba da kallo. Yanzu fa?"

"Suna... suna wawar goro."

"Awudu, a Maamobi aka haife ka. Malam ɗaya ya zane mu a kan allo. Ka taɓa ganin inda Musulmi suka cika titi, da limaminsu da tsofaffinsu, suka shafa tun ba a kai amin ba, suka tashi suna kokawar goro ana tsakiyar Fatiha? Shi limamin ma dubi, ga shi can yana sa takalmi, muryarsa kuwa tana karatu. In hannun mutanen nan duka ya riga muryarsu, don me bakin Mumuni ba zai riga ba?"

Muna ganinsa ya sunkuyar da kai, yana mayar da bidiyon baya, yana sake kallo. Kansa duk ya yi furfura, sai a lokacin na lura. Da ya ɗago, fuskarsa sharkaf.

"Iddi, Yaya yana kusa?"

Na miƙa wa Alhaji Seidu wayar. Da farko bai karɓa ba, sai da mamanku ta ce, "Haba Alhaji, babba juji ne." Ya karɓa, ya kawo ta daf da fuskarsa har ba a ganin komai sai gemu da bakin nan mai haƙori uku.

"Kai, Awudu. Dubi bakina da kyau, tunda shi kake so. Ni Seidu, na ba da auren Rahinatu ga Nuhu. Ka gani, ko in sake?"

Awudu yana kuka yana dariya, yana cewa Yaya ka yafe mini, Yaya ka yafe mini. Alhaji ya ce masa sakarai tun yana yaro haka yake, ya share hanci ya yi magana da 'yarsa. Rahinatu ta fito daga bayan labule, ta durƙusa a gaban waya kamar uban yana tsaye a tsakar gidan. Ya janye maganarsa da bakinsa, ya sa mata albarka, ya sake sa mata, ya ce a kai ta ɗakinta yau ɗin nan kada rana ta faɗi.

Zenabu ta ruga neman mota, Alhaji ya aika a gaya wa gidan ango. Rahinatu kuwa ba ta tashi ba. Tana durƙushe tana kallon tafin hannunta, ta juya su, ta sake juyawa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi mamanku.

"Mama, lallen ya goge duka. Haka zan koma?"

Mamanku ta ɗaure ɗankwali ta ce, "Wa ya ce? Motar ta jira." Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar lalle.